Adireshi Biyar a Gidanmu na Birnin Gwari

A daminar da ɓarin jikin maiɗakina ya shanye, daga ni sai ita muka rage a gida. Yara duk sun watse neman abinci, ni kuma na yi shekara huɗu da ajiye alli, bayan na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da lissafi a makarantun firamare na ƙauyukan Birnin Gwari. Ciwon ya ɗauke mata hannu da ƙafar dama, ya kuma nauyaya mata harshe. Matar da ta yi shekara talatin tana taka keken ɗinki, wadda in ta fara hira sai an tuna mata da tukunya a kan wuta, ta koma kalma ɗaya ko biyu, sauran zancen da ido.

'Yarmu ta fari tana Kaduna, tana aiki a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wa ofisoshi intanet. Da ta ji labari ta ce ga ta nan tafe. Na hana ta. A lokacin hanyar Kaduna ba ta biyuwa sai da rakiyar sojoji, kuma ko da rakiyar sai mutum ya nemi gafarar iyalinsa kafin ya shiga mota. Dajin da na saba ratsawa a kan babur in je gonata ta wajen Dogon Dawa, in dawo da ɗorawa a buhu, ya zama wurin da ko ambatonsa sai an rage murya. Na ce mata ta zauna inda take, ciwo ɗaya ya ishe ni.

Kullum da safe sai ta kira.

“Baba, ya jikin Inna?”

“Da sauƙi.”

“Kullum da sauƙi kake ce mini. Ni so nake in gan ta da idona.”

Mun gwada kiran bidiyo, amma sabis ɗin waya a unguwarmu bai da ƙarfin ɗaukar hoto. Fuska ta bayyana, ta daskare, ta ɓace. Ga kuma kunyar ɗan fari. Tun da aka haifi yarinyar nan uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma zama su yi doguwar magana. Ko da bakinta ke lafiya, in na miƙa mata waya sai ta ce, “Ka gaishe ta,” ta ci gaba da abin da take yi. Ni ma ba wani sakewa muke yi da ita ba. Gaisuwa ce, sai saƙo, sai sallama.

Bayan kamar wata guda ta kira da wata shawara. Abokan aikinta biyu za su shigo garin su yi wa wani ofis aiki, ta roƙe su su kafa mana ɗan faranti a kan dogon ƙarfe, wanda zai janyo intanet daga hasumiyar da ke bakin gari. Ta haɗo su da kwali. A ciki akwai kyamara ƙarama kamar ƙwan agwagwa, da tsohuwar laftof ɗinta, da wani baƙin akwati mai ƙahoni biyu da ramuka biyar a baya. Shi ne rauta, abin da ke karɓar intanet daga waje ya rarraba wa na'urorin cikin gida.

Mutanen sun zo, sun kafa ƙarfen a jikin katanga, sun ja waya har falo, sun haɗa da batirin solarmu. Suna cikin buɗe kwalin aka kira su cewa ayarin motoci zai tashi, in suka rasa shi sai bayan kwana uku. Babban cikinsu ya miƙo mini wata takarda yana saka takalmi.

“Baba, ka yi haƙuri. Saitin ne kawai ya rage. 'Yarka ta fi mu iyawa, za ta gaya maka a waya.”

A takardar akwai layi takwas na lambobi. Farkonsu duk iri ɗaya ne, ƙarshen ne ya bambanta, daga arba'in zuwa arba'in da bakwai. Na kira ta na karanta mata.

“Yawwa,” in ji ta. “Waɗannan su ne adireshinmu a intanet, abin da ake kira IP. Yawancin gidaje ɗaya ake ba su, wani lokaci ma ɗayan tarayya suke yi da wasu gidajen, shi ya sa daga waje ba a iya samun na'urar da ke ciki. Mu na karɓar mana namu na kanmu. Ka ja layi a kan na farko da na ƙarshe, ba a amfani da su. Arba'in da ɗaya na kamfanin ne, ta nan za mu riƙa fita. Saura nawa?”

“Biyar,” na ce. “Yau ni ake yi wa tambayar lissafi?”

Ta yi dariya. Na daɗe ban ji dariyarta ba.

Na tambaye ta me za mu yi da har biyar, mu da kyamara ɗaya gare mu. Ta ce ɗaya na rautar ne, wayoyin gida duk a bayansa za su fake. Ɗaya na kyamara, don ta riƙa samunta kai tsaye daga Kaduna. Ɗaya kuma na Sista.

Sista ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Gbagyi, Kirista, daga wani ƙauye kusa da Damari. Da zama ya gagara a can ta taso da 'ya'yanta ta kama shagon ƙofar gidanmu, tana duba marasa lafiya tana ba da magani. Ita ce ke shigowa kowace safiya ta auna wa maiɗakina jini, ta murza mata hannu da ƙafa da man kaɗanya, tana yi mata hira ko ba a amsa ba. Akwai wani likita a Kaduna da ke taimaka mata, yana so ya riƙa shiga kwamfutarta yana duba bayanan marasa lafiyarta, amma babu hanya. Ashe 'yata sun yi magana da ita tun kafin in sani.

“Sauran biyun fa?”

“A ajiye su, Baba. Haka ake bayar da su, ba a gutsurawa.”

Matsalar farko ita ce wurin tsayawa. Waya ba ta kamawa sosai sai a bayan gida, gindin mangwaro, kusa da turken awaki. Rauta da laftof kuma suna falo. Sai na ɗauko wani tsohon littafin shirya darasi da ya rage da shafuka, in je gindin mangwaro 'yata ta yi mini shifta a waya, in rubuta, in dawo falo in aikata, in sake komawa in ba da rahoto. Maiɗakina tana zaune a kujerarta ta roba a bakin ƙofar falo, tana bin shiga da fitata da ido.

Ranar farko na yi ɓarna. A shafin saitin akwai gida biyu da ake rubuta adireshi, ɗaya na ɓangaren waje, ɗaya na ɓangaren cikin gida. 'Yata ta gaya mini, na kuma rubuta a littafi, amma da na zauna gaban allon sai na zuba arba'in da biyu a gidan ciki. Ina danna maɓallin ajiyewa shafin ya ɓace. Na jira, na sake gwadawa, babu abin da ya dawo. Na fita gindin mangwaro na kira 'yata, don a zatona na ƙona abin.

“Ba ka ƙona komai ba,” in ji ta. “Ka kulle kanka a waje ne kawai. Duba bayan akwatin, akwai wani ɗan rami ƙarami. Ka sami abu mai tsini ka danna ciki, ka ƙirga goma, zai manta duk abin da ka gaya masa.”

Na gwada tsinken tsintsiya ya karye. Na gwada bakin biro bai shiga ba. Ina ta dube-dube sai na ji ana ƙwanƙwasa hannun kujera. Maiɗakina ce. Ta ɗaga hannun hagu ta laluba gefen ɗankwalinta, ta zaro allura. Ko da ciwon ya kwantar da ita ba ta daina soke allura a nan ba. Na karɓa na danna, fitilun suka mutu gaba ɗaya, suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Da na mayar mata, ta soke ta a inda take, ta kau da kai kamar ba ta yi komai ba.

Washegari aka wayi gari da ruwa, sai wajen hantsi ya tsagaita. Na tsaya gindin mangwaro da lema, ganye yana ɗigo mini a littafi. Wannan karon na sami gidan waje daidai, na rubuta arba'in da biyu, na rubuta arba'in da ɗaya a matsayin mafita. Saura wani layi da 'yata ta ce shi ke gaya wa rauta iyakar adireshin da ke namu: ɗari biyu da hamsin da biyar sau uku, sannan ɗari biyu da arba'in da takwas. Na buga, na danna. Jan rubutu ya fito, wai lambar ba daidai ba ce. Na goge na sake bugawa. Jan rubutu. Na duba takarda, na duba allo, na ga duk ɗaya ne. Sau biyar ina yi. Na cire tabarau na goge da bakin riga, na fara faɗa da akwatin kamar yana ji.

Sista ta shigo auna jini ta same ni a haka.

“Baba Malam, kai da wa?”

“Ni da wannan abin. Na ba shi abin da ya tambaya, ya ce ba haka ba.”

Ta leƙa ta ce ita allura ta sani, wannan sai mu. Amma kafin ta fita ta jawo kujerar maiɗakina kusa da tebur, wai ta riƙa taya ni zama. Na ajiye littafin a cinyarta don tebur ya cika. Na sake bugawa, jan rubutun ya sake fitowa. Sai na ji ta ja hannun rigata. Ta ɗora yatsa a kan littafin, a kan lamba ta ƙarshe, sannan ta ɗaga yatsan da ƙyar ta nuna allon. Ta sake yi. Bakinta ya motsa, ya motsa, can ta ce, “Juye.”

Na duba. A littafi biyu, huɗu, takwas. A allo biyu, takwas, huɗu. Shekara talatin da biyar ina jan kunnen yara a kan irin wannan kuskuren. Ita kuwa ba ta taɓa zama a aji ba, lambobinta a jikin tef ɗin awo ta koye su. Na gyara, na danna, jan rubutu bai fito ba. Wata fitila da tun jiya take ja ta koma kore.

Na dube ta, ta dube ni. Rabin fuskarta mai motsi ya yi murmushi, ɗaya rabin yana nan yadda yake. Na ce, “To, Malama, na gode.” Ta ɗaga kafaɗa.

Daga nan aka huta da gindin mangwaro, don kira ya koma bi ta intanet ɗin. Na jingina wayar da kwalbar man zafi a kan tebur, muryar 'yata ta cika falon, tas kamar tana zaune a tabarma. Ta ce yanzu in na buɗe mata wata ƙofa a saitin za ta iya shiga daga Kaduna ta ƙarasa sauran cikin minti goma.

Gaskiyar magana, a kwana biyun nan na yi magana da ita fiye da yadda muka yi a shekara goma. Na ji yadda take bayani, ba ta gaggawa, in na ɓata ba ta nuna ta gaji, sai ta sake ɗaukowa ta wata hanyar. Ban san haka take ba. Ban so abin ya ƙare a minti goma.

“Bar ni in ƙarasa da hannuna,” na ce. “In ya lalace wata rana, ai ni ne a kusa.”

“To, Baba. Buɗe sabon shafi.”

Kwana biyu muka ƙara. Ta sa na ƙara arba'in da uku da arba'in da huɗu a ɓangaren waje, don rautar ta san su ma nata ne. Sannan muka ba kyamara lambarta ta cikin gida wadda ba za ta riƙa canzawa ba, muka ɗaure ta da arba'in da uku, yadda duk wanda ya nemi wannan adireshin daga waje kyamarar zai samu. Na ja doguwar waya daga rami na huɗu, ta bi ta saman zaure har shagon Sista, muka ɗaure kwamfutarta da arba'in da huɗu, muka kuma raba ta da na'urorin gida don kada bayanan marasa lafiya su haɗu da namu. A shafin akwai wurin rubuta suna ga kowane ɗauri. Na rubuta “Sista” a ɗaya. A ɗayan na tsaya ina tunani, sai 'yata ta ce, “Rubuta Inna kawai.”

Abin da ta fi tsanantawa a kai shi ne katanga. Ta ce adireshin da kowa zai iya samu daga waje, ɓarawo ma zai iya samu. Ta sa na rubuta doka cewa babu mai shiga arba'in da uku sai daga adireshin ofishinsu da na gidanta, babu mai shiga arba'in da huɗu sai likitan. Ta sa na canza kalmar sirrin da kyamarar ta zo da ita. Sai da na karanta mata dokokin nan sau uku, layi bayan layi, sannan ta yarda.

Da aka zo maganar inda za a kafa kyamarar ne aka sami saɓani. Ni da 'yata mun yanke a sa ta a ɗaki, sama da gado. Na shiga da guduma da ƙusa, maiɗakina ta watsa mini wani kallo, ta ce, “A'a.” Ba ta taɓa fitar da kalma da ƙarfi haka ba tun da ta kwanta. Na yi bayani, ta sake cewa a'a. Sista ce ta raba mu.

“Baba Malam, ɗakin mace ne fa. Ko 'yarta ce. Ku sa a baranda, inda take shan hantsi.”

Haka aka yi. Na kafa ta a jikin ginshiƙi tana kallon kujerar. Maiɗakina ta sa aka rataya wani ɗan ƙyalle a ƙusa kusa da ita, in ba ta son a gan ta sai ta nuna mini in rufe.

Safiyar da aka fara gwadawa, Sista ta fito da ita ta zaunar. Na lura an saka kwalli, an kuma ɗaura ɗankwalin da ba a fito da shi sai ranar biki. Wayata ta yi ƙara.

“Baba, na gan ta.” Muryarta ta sauka ƙasa. “Ta rame.”

“Tana cin abinci yanzu.”

“Ka ce mata na gan ta.”

Na faɗa mata. Ba ta kalli ginshiƙin ba, ta tsura wa awaki ido. Amma da Sista ta ba ta ƙwayar maganinta, sai ta ɗaga ta sama tsakanin yatsu biyu, ta riƙe ta a haka na ɗan lokaci, sannan ta kai baki. Tun daga ranar kullum haka take yi. Ba ta taɓa cewa don wa take yi ba, mu ma ba mu tambaya ba. 'Yata kan buɗe hoton a gefen allon aikinta daga ƙarfe takwas zuwa goma, tana aiki tana leƙawa. Wani lokaci ta turo mini saƙo: a gyara mata matashi, ko rana ta kai ƙafarta. Likitan ma ya fara shiga kwamfutar Sista, har ya canza wa maiɗakina magani ɗaya, ya kuma ƙara wasu motsa jiki da za a riƙa yi mata.

Wajen ƙarshen damina, wata ranar Laraba, na je taron suna a layin bayanmu. Na bar maiɗakina a kujera, Sista kuma tana shago da mutane. Ina zaune ana raba goro wayata ta yi ƙara.

“Baba, kana ina? Inna ba ta kan kujera.”

“Wataƙila Sista ta shigar da ita.”

“Ba ta shigo ba, ina kallo. Na juya na amsa waya, na dawo na ga kujera babu kowa. Sandarta ma ba ta nan. Baba, ka yi sauri.”

Ban yi wa kowa sallama ba. Rabon da in yi gudu har na manta, amma ranar na yi, wayar tana kunnena, ina jin numfashinta. Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta fara kaɗa ƙofofi. Na faɗa zaure ina kiran Sista, muka shiga tare.

Tana can ƙarshen tsakar gida, wurin da kyamarar ba ta kaiwa, taku kusan goma sha biyar daga baranda. Ta jingina kafaɗarta da bangon madafa, sandar tana ƙasa, da hannun hagu kuma tana jan bakin tabarmar da na shanya kuɓewa a kai, tana so ta shigar da ita ƙarƙashin rumfa. Zufa ta jiƙa mata fuska. Ƙafarta ta dama tana rawa, amma tana ɗauke da ita.

Sista ta yi salati irin namu, ta ruga ta riƙe ta. Maiɗakina ta dube ni, ranta a ɓace, ta ce a hankali, kalma bayan kalma, “Ka bar kuɓewa. Ruwa zai zo.”

A waya 'yata tana ta tambaya, “Ta faɗi ne? Baba, ta faɗi?” Na ce ba ta faɗi ba, da ƙafarta ta taka har madafa. Sai na ji ta fashe da kuka, irin kukan da ban ji ta yi ba tun tana ƙarama. Na riga na buɗe muryar wayar, kowa yana ji. Muka zaunar da maiɗakina a kan turmi. Ta miƙo hannu, na ɗauka ruwa take so, ashe wayar take nufi. Na ba ta. Ta riƙe ta nesa da kunne kamar mai zafi, ta daɗe tana haɗa maganar a bakinta.

“Ke,” ta ce. “Ya isa. Ina nan.”

Ta miƙo mini, ta juya tana nuna wa Sista sauran kuɓewar. Muka kwashe ta kafin ɗigon farko ya sauka.

Da aka ɗauke ruwan bayan azahar, 'yata ta sake kira, murya ta washe. Ta ce tunda abin ya zama haka, kujera kaɗai ba ta isa ba, ko zan iya juya kyamarar ta riƙa ɗaukar tsakar gidan duka. Na tambayi maiɗakina, ta gyaɗa kai. Na jawo benci na hau, Sista ta riƙe mini ƙafarsa, ina juyawa a hankali, daga Kaduna ana ce mini, “Ƙara hagu kaɗan, Baba. Kaɗan kuma. Tsaya nan.”